Kwaikwayo ko Tahamisi? Nazarin Faifan Tunawa da Nina Simone da Darasinsa ga Magada Waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo

1.0 Gabatarwa

Daga rasuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun a shekarar 1991 zuwa ta Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos a 2015, ƙasar Hausa ta yi bankwana da mafi yawan makaɗan da suka riƙe fagen waƙar baka a ƙarni na ashirin. A tsakanin waɗannan shekaru ne aka rasa Alhaji Mamman Shata Katsina a 1999, da Hajiya Sa'adatu Barmani Coge a 2013. Muryoyinsu dai ba su ɓace ba, domin duk wanda ya shiga kasuwar Azare ko ta Itas, ko wata kasuwa irinsu a ƙasar Katagum da sauran sassan Arewa, zai iske masu tura waƙoƙi a waya suna da su jingim. Tambayar da ta rage ita ce, shin waƙar da ake saurare kawai, ba a sake rerawa, rayayya ce ko kuwa ajiyayya? Idan kuma za a sake rera ta, wace hanya ce ta dace?

Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi wani faifai da aka fitar a Amurka a 2015 mai suna Nina Revisited, wanda mawaƙa da dama suka haɗu suka sake rera waƙoƙin marigayiya Nina Simone a cikinsa. Za a auna faifan da ma'aunin nazarin waƙar baka ta Hausa, musamman turke da zubi da rauji kamar yadda Gusau ya shimfiɗa su a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993. Daga nan sai a waiwayo gida, a ga abin da nasarorin faifan da kurakuransa za su koya wa masu niyyar yin irin wannan aiki a kan waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo.

2.0 Hanyoyin Raya Waƙar Magabaci a Hausa

Sake rera waƙar wani ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ana iya kasa hanyoyin da yake bi gida uku.

Hanya ta farko ita ce gado. A gidajen makaɗan fada yaro yakan tashi cikin 'yan amshi, ya haddace waƙoƙin gidansu, har ranar da jagoranci zai faɗo kansa. Ɗanƙwairo kansa haka ya tashi a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sannan ya yi amshi a bayan wansa Kurna kafin ya ja ƙungiya. A wannan tsari waƙa dukiyar gida ce, magaji kuma yana da ikon ya ƙara mata ɗiya ko ya rage gwargwadon sarkin da ke kan gado da halin da ake ciki.

Hanya ta biyu ita ce kwaikwayo, wato mutum ya ɗauki waƙar gwani ya rera ta da muryar da ta yi kama da tasa, da tsayawa inda ya tsaya, da gyaran murya inda ya yi. Ma'aunin nasara a nan shi ne mai sauraro ya ce sai ka rantse shi ne. Wannan hanya ta ƙara ƙarfi bayan zuwan faifan garmaho da kaset, saboda na'ura ta tanadar wa mai kwaikwayo samfuri guda tsayayye da zai riƙa bi.

Hanya ta uku ta fito ne daga rubutacciyar waƙa, ita ce tahamisi. Mai tahamisi yakan ɗauki baitin magabaci mai ɗango biyu, ya ɗora masa ɗango uku nasa, baitin ya koma ɗan biyar. Ishiriniyar da ake karantawa a zaurukanmu waƙar Alfazazi ce da tahamisin Ibn Mahib. Haka kuma waƙar Tabban Haƙiƙa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Abin lura a nan shi ne, mai tahamisi yana bin karin magabaci da turkensa, ba ya taɓa kalmominsa, amma kuma ba ya ɓoye nasa hannun. Girmamawa ce da ƙirƙira a wuri guda. A ganin wannan maƙala, wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da abin da faifan tunawa ya kamata ya zama, kuma da ita za a auna faifan da ake nazari.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Nina Simone

An haifi Eunice Kathleen Waymon, wadda duniya ta sani da Nina Simone, a garin Tryon na jihar Karolina ta Arewa a Amurka ranar 21 ga Fabrairu, 1933. Ta tashi tana kaɗa fiyano a majami'a, ta kuma yi karatun kiɗan fiyano irin na Turai da burin ta zama gwanar wannan fanni. A 1951 makarantar kiɗa ta Curtis da ke Filadalfiya ta ƙi karɓar ta, lamarin da ta tafi a kan cewa launin fatarta ne ya jawo shi. Neman abinci ya kai ta ga kiɗa a gidajen shaƙatawa, a nan ne ta fara haɗa kiɗa da waƙa, ta kuma canja suna.

Kisan Medgar Evers a watan Yuni na 1963, da bom ɗin da aka tayar a wata majami'a ta birnin Birmingham a watan Satumba na shekarar, wanda ya kashe 'yan mata huɗu baƙar fata, su suka juya akalar waƙarta zuwa gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen Amurka. Ta zo Legas a watan Disamba na 1961 tare da tawagar marubuta da mawaƙa da ta haɗa da Langston Hughes da James Baldwin, ta kuma zauna a Laberiya a tsakiyar shekarun 1970. Ta rasu a kudancin Faransa ranar 21 ga Afrilu, 2003.

Akwai abu ɗaya da ya wajaba a riƙe kafin a shiga nazarin faifan. Mafi yawan waƙoƙin da aka san Nina da su ba ita ta tsara su ba. "Ne Me Quitte Pas" ta Jacques Brel ce, ɗan ƙasar Beljiyam, ya fitar da ita a 1959. "I Put a Spell on You" ta Screamin' Jay Hawkins ce ta 1956. "Baltimore" kuwa Randy Newman ya fitar da ita a 1977, ita kuma ta rera ta a 1978. Gwanintarta ita ce ta ɗauki waƙar wani ta sauya mata rauji da nauyi har mai ita ya zama kamar baƙo a cikinta. Ke nan duk wanda zai girmama Nina ta hanyar kwaikwayon ta, ya saɓa wa ainihin abin da ya sa ta zama Nina.

4.0 Zubin Faifan

Kamfanin RCA ya fitar da faifan a watan Yuli na 2015, a matsayin abokin tafiyar fim ɗin tarihin rayuwarta mai suna What Happened, Miss Simone? wanda Liz Garbus ta shirya, aka nuna a Netflix. Yana ɗauke da waƙoƙi goma sha shida. Makaɗin fiyano Robert Glasper da mawaƙiya Lauryn Hill suna cikin waɗanda suka jagoranci aikin, kuma shida daga cikin waƙoƙin na Lauryn Hill ne. An buɗe faifan da muryar Lisa, 'yar marigayiyar, aka rufe shi da muryar Nina kanta cikin wata waƙa da ta ɗauka a 1967. Wannan tsari yana da ma'ana. Buɗewar tana nuna yardar magada, rufewar kuma tana ajiye wa mai sauraro sikelin da zai auna duk abin da ya ji.

4.1 Waɗanda Suka Bi Sawu

Rukuni na farko shi ne na waƙoƙin da aka bar su kusa da yadda Nina ta yi su. Misali mafi fito fili shi ne "Feeling Good" a bakin Lauryn Hill. Muryar Hill, wadda shekaru suka ƙara wa kauri da 'yar dishewa, ta kusanci ta Nina ƙwarai, kuma tsarin hawa da saukar waƙar bai yi nisa da na 1965 ba. Mai sauraro zai yaba, amma da zarar ya gama sai ya ji yana marmarin komawa ga ta asali. Wannan ita ce illar kwaikwayo ko'ina ya faru: yana tuna wa mutum abin da aka rasa, ba ya ba shi wani abu a madadinsa.

Wata matsalar ta daban ta bayyana a "My Baby Just Cares for Me" da Usher ya rera. A ɗaukar Nina ta ƙarshen shekarun 1950, wadda ta sake tashe a Ingila a 1987 bayan an yi tallar turare da ita, rabin armashin waƙar yana hannunta ne a kan fiyano, inda murya da kiɗa ke yi wa juna ba'a. A wajen Usher an lausasa komai, an goge kaifin, waƙar ta koma ta soyayya mai santsi irin wadda aka saba ji daga gare shi. A nan an sauya rauji, amma sauyin bai fito da wani sabon abu daga turken ba. Haka nan "Sinnerman", wadda Nina ta ja ta fiye da minti goma a faifanta na 1965 tana tafe tana ƙara zafi kamar mai zikiri, taƙaitawar da aka yi mata a bakin Gregory Porter ta rage mata wannan hauhawa, duk da kyawun muryarsa.

4.2 Waɗanda Suka Yi Tahamisi

Rukuni na biyu shi ne inda faifan ya ci sunansa. A "I've Got Life", Lauryn Hill ta ɗauki waƙar da Nina ta yi a 1968, ta riƙe gindinta, sannan ta ɗora sababbin ɗiya da salon gambarar zamani a kan halin da baƙar fata ke ciki a lokacinta. Common da Lalah Hathaway sun yi makamancin haka da waƙar da Nina ta tsara tare da Weldon Irvine a 1969 don tunawa da ƙawarta marubuciya Lorraine Hansberry. A duka biyun mai sauraro yana iya nuna inda maganar magabaciya ta tsaya da inda ta magaji ta fara, kuma turke bai goce ba. Wannan shi ne tahamisi a cikin sauti.

Akwai kuma tahamisin da lokaci ya yi da kansa. Jazmine Sullivan ta rera "Baltimore" ba tare da ta yi wa kalmominta ƙari ba, amma faifan ya fito ne watanni kaɗan bayan mutuwar Freddie Gray, wani matashi baƙar fata da ya jikkata a hannun 'yan sandan birnin a watan Afrilu na 2015, da tarzomar da ta biyo baya. Sai waƙar da aka tsara a 1977 ta zama kamar jiya aka yi ta. Zaɓen waƙar da ta dace da lokaci shi ma wani nau'in ƙirƙira ne. Ita kuwa Alice Smith, ta rage wa "I Put a Spell on You" gudu da kayan kiɗa, ta bar sarari tsakanin kalmomi, har barazanar da ke kwance cikin waƙar ta fito fili. Ba ta yi kama da Nina ba ko kaɗan, amma ta yi wa waƙar abin da Nina ta saba yi wa waƙoƙin mutane.

4.3 Giɓin da Aka Bari

Babban abin da za a zargi faifan da shi ba ya cikin abin da aka rera, yana cikin abin da aka tsallake. Babu "Mississippi Goddam", waƙar fushin da ta tsara a 1963, babu kuma "Four Women" ta 1966. Waɗannan biyu nata ne na kanta, kuma su ne suka fi jawo mata tsangwama a gidajen rediyon Amurka. Faifan da ya tsallake su ya gabatar da Nina mai sauƙin sha'ani fiye da yadda take. Haka kuma, kasancewar mawaƙiya ɗaya ta kwashe waƙoƙi shida ya sa faifan ya karkata, har ya zama rabinsa tunawa da Nina, rabinsa kuma murnar dawowar Lauryn Hill fagen ɗaukar waƙa. Darasin a nan shi ne, zaɓen waƙoƙi hukunci ne a kan mamaci, kuma mai zaɓe yana iya yi masa kwaskwarimar da bai nema ba.

5.0 Waiwaye Gida

Idan aka ce za a tara mawaƙan Hausa na yau su sake rera waƙoƙin Shata ko na Ɗanƙwairo, akwai matsaloli huɗu da za a fuskanta, wasunsu ma masu faifan Nina ba su gamu da su ba.

Ta farko ita ce matsalar asali. Waƙar Nina tana da rubutaccen matani da ɗauka guda da kowa ya sani. Waƙar Shata ba haka take ba. Tun a kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Jami'ar Indiyana a 1975, Ɗandatti Abdulƙadir ya dubi Shata a matsayin mawaƙin baka mai tsara waƙa a fagen rerawa. Bakandamiyarsa ta zo da fuskoki da yawa, domin gindin ne kawai yake tsaye, ɗiyan kuwa suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon wuri da mahalarta. Saboda haka wanda ya haddace kaset guda ya maimaita shi kalma da kalma, ya riƙe rana ɗaya ce daga rayuwar waƙar ya kira ta asali. Biyayya ta gaskiya ga Shata ita ce a riƙe amshinsa da karin kalangunsa, a zo da ɗiyan da suka dace da ranar da ake ciki. Wato dai tsarin waƙar Shata da kansa yana kiran tahamisi.

Ta biyu ita ce matsalar ubangida. Kaso mai yawa na waƙoƙin nan an yi su ne don wani mutum sananne. Ɗanƙwairo ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Shata ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. A cikin irin waɗannan waƙoƙi akwai yabo, akwai kuma zambo da habaici ga abokan hamayya waɗanda zuriyarsu na nan da rai. Mai sake rerawa yana tsakanin abu biyu. In ya cire zambon ya yi irin kwaskwarimar da aka zargi faifan Nina da ita, domin waƙar fada da babu zambo miya ce ba gishiri. In kuma ya cire sunan ubangidan ya sa na wani attajiri ko ɗan siyasar yau, to ya sayar da rigar da ba tasa ba. Mafita ita ce a bar ɗiyan magabaci yadda suke a matsayin tarihi, a kuma bambanta su a fili da na magaji.

Ta uku ita ce matsalar kayan kiɗa da amshi. Kalangu yana magana, saboda makaɗi yana matsa tsarkiyarsa ya sassauta don ya bi hawa da saukar karin sautin Hausa. Fiyanon sitidiyo da mawaƙan zamani ke amfani da shi yana iya kwaikwayon amon ganga, amma ba ya amsa wa jagora nan take yadda makaɗi mai rai yake yi. Bugu da ƙari, tsarin amshin mawaƙan biyu ya sha bamban. 'Yan amshin Shata gindi suke maimaitawa, shi kuma ya yi ta zuba ɗiya. A ƙungiyar Ɗanƙwairo kuwa, ta masu kotso, 'yan amshi suna karɓe ɗa daga bakin jagora su ƙarasa shi, su yi ƙari. Mawaƙi ɗaya da ya shiga sitidiyo ya ɗora muryarsa a kan muryarsa ba zai samar da wannan karɓeɓeniya ba. Abin da ya sami waƙar Usher ke nan da aka raba ta da hannun Nina, kuma shi zai sami duk waƙar Ɗanƙwairo da aka raba da ƙungiya.

Ta huɗu ita ce matsalar haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare aikin waƙa har shekara saba'in bayan rasuwar mai shi. Ke nan waƙoƙin Shata da na Ɗanƙwairo suna da masu su har yanzu. Sanya muryar 'yar Nina a farkon faifan abin koyi ne, domin aikin da aka yi da sanin magada ya fi samun albarka da karɓuwa. Ana kuma bukatar haɗin kan gidajen da ke ajiye da tsofaffin ɗauka, irin su Rediyon Tarayya na Kaduna, don a kwatanta fuskokin kowace waƙa kafin a taɓa ta.

6.0 Kammalawa

An ga a cikin wannan maƙala cewa faifan Nina Revisited ya yi nasara ne a wuraren da mawaƙansa suka riƙe turken magabaciya suka kuma yi magana da bakinsu, ya yi rauni a inda suka tsaya ga kwaikwayo, ko suka sauya rauji ba tare da dalili ba, ko suka kauce wa waƙoƙinta masu ɗaci. An kuma nuna cewa ma'aunin da ya fito da wannan bambanci ba aro ba ne, yana cikin adabinmu tun zamanin masu jihadi da sunan tahamisi.

Abin da ya rage aiki ne na ɓangarori biyu. Mawaƙan zamani su koma ga makaɗan kalangu da kotso da suka saura, su zauna da su zaman ɗalibi da malami, kafin su kusanci waƙoƙin manya. Manazarta kuma su tattara fuskokin kowace waƙa su rubuta su, su kuma faɗaɗa aikin zuwa makaɗan da ba su yi sunan Shata ba. Ɗaliban Hausa na jami'ar jiha da ke Gadau, a ƙaramar hukumar Itas/Gadau, suna zaune ne a tsakiyar masarautar Katagum, kuma makaɗan fada da na noma da na sana'o'i na wannan yanki sun cancanci a ɗauki muryoyinsu tun suna raye. Wanda ba a ɗauki waƙarsa ba, babu mai yi masa tahamisi bayan ransa.